ƘWAYA KO TAUSA? YADDA CIWON BAYA YA KUSA RABA NI DA AURENA

 Na ɗauki alƙalami ne yau domin in ba ku labarin abin da ya faru da ni ni kaina, ba wai ji na yi a bakin wata ba. Na daɗe ina jin nauyin fitar da shi, domin akwai wuraren da mace ke jin kunyar faɗa, to amma da na tuna kunyar nan ce ta kusa kai ni kushewa, sai na ce gara in faɗa ko Allah zai sa wata ta tsira. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni haifaffiyar Nasarawan Doya ce, cikin ƙaramar hukumar Makarfi a jihar Kaduna. Duk wadda ta san yankinmu, daga Makarfi zuwa Kudan har Ikara, ta san ƙasar noma ce, ga rake ga masara ga tumatir da barkono. Maza suna gona da fadama, mu kuwa mata aikin cikin gida ba ya ƙarewa. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, mu bakwai ne, don haka tun ban kai shekara goma ba bayana ya saba da goyon ƙanne. Ga daka a turmi, ga shara da guntuwar tsintsiya a sunkuye, ga wanki a durƙushe, ga ɗibar ruwa. Ke 'yar uwa, kin taɓa tsayawa kin yi lissafin jarkar nan mai lita 25 da muke ɗorawa a ka? Idan ta cika nauyinta kilo 25 ne, wato rabin buhun siminti. Ni kuwa sai in yi sawu biyar da ita kafin in tafi makaranta.

Na gama sakandare a 2017, sai Baba ya sayar da rake ya saya mini keken ɗinki na ƙafa, domin na riga na koyi ɗinki a wurin wata maƙwabciyarmu. Allah Ya sa wa hannuna albarka, nan da nan na yi suna a unguwa. A farkon 2019 aka yi mini baiko da wani malamin firamare, mutum mai haƙuri da kawaici, wanda shi ne maigidana a yau. Aka sa rana sati biyu bayan ƙaramar sallah. Kun san halin da iyaye mata ke shiga a kan kayan ɗaki. Ina ganin yadda Inna ke kwana tana lissafin gado da katifa da kwanuka, sai na ƙudurta a raina ni ma zan taimaka. Duk wadda ta kawo ɗinkin sallah ba na cewa a'a, har buhu biyu suka cika da atamfofi da leshi da shadda a ɗakinmu.

Wani ɗan benci nake zama a kai, ba shi da majingina, kuma ya yi wa keken ƙasa da yawa, sai na ranƙwafa nake ganin allura. Daga hantsi har la'asar ina nan a wuri ɗaya, da dare kuma in kunna fitila in ci gaba. Wata rana da safe na sunkuya zan ɗaga jarka, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙugu kamar an caka mini tsinke. Na daure na miƙe da ƙyar. Daga ranar nan bayana bai sake zama nawa ba. In na zauna ciwo, in zan tashi sai na dafa bango kamar tsohuwa, alhali shekarata ashirin.

Nan fa gidanmu ya rabu biyu. Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda alkunya, ta leƙo ɗaki ta ce, "Ke wannan, ba za ki zauna kina nishi aikin mutane yana jiranki ba." Ta ba ƙanina naira ɗari ta ce ya je kemis ya ce a ba shi haɗin ciwon jiki. Ya dawo da 'yar leda ɗauke da ƙwayoyi biyar, ja da fara da ruwan ɗorawa da kafso guda da wata 'yar ƙarama, ba kwali ba suna. Na watsa su a baki na kora da ruwa. Wallahi kafin awa ɗaya sai na ji kamar an sauke mini dutse daga baya. Na hau keke na yi ta ɗinki har dare ina sa wa mai kemis albarka.

Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, da ta ji labari sai ta tafa hannu ta ce, "Oh ni jikar mutum huɗu! Kishiyata, ƙwaya ce za ta gyara miki baya? Mu da muka haifi goma muka yi noma, wa ya ba mu ƙwaya? Jijiya ce ta hau kan jijiya, tausa take so." Inna ba ta iya musu da surukarta, sai ta yi shiru, amma a bayan ido ta ci gaba da aiken ƙanina kemis.

Kaka ta kai ni wurin wata tsohuwa mai tausa a wani ƙauye kusa da mu. Zan faɗi gaskiya a kan matar nan, domin ta cancanci yabo. Kafin ta taɓa ni sai da ta tambaye ni ko na faɗi, ko ina zazzaɓi, ko ƙafafuna suna mutuwa. Da na ce a'a, sai ta gasa mini bayan da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta bi tsokar da yatsunta a hankali. Na ji daɗi ƙwarai, har barci ya ɗauke ni a kan tabarmarta. Da za mu tafi ta ce, "Yarinya, bayanki gajiya ya yi. Ki rage zaman keken nan, in ba haka ba ko kullum kika zo aikin banza ne." Na ce to, amma a zuciyata na ce Iya ba ki san buhu biyu na jirana ba. Kwana biyu na yi da sauƙi, a na uku ciwo ya dawo sabo.

Ana haka azumi ya kama. Azumin 2019 a watan Mayu ya faɗo, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Sai na tsara wa kaina: haɗi ɗaya da sahur don ya riƙe ni wuni, ɗaya da buɗa-baki. Da an kira sallah, kafin in sa komai a ciki, ƙwayar nake fara haɗiyewa da kunun tsamiya, domin a lokacin bayan ya riga ya isa da ni. Ruwa ma ba na sha sosai, saboda sauri nake in koma kan keke.

Wajen goma ga azumi Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da labarin wani mai magani da ke zuwa cin kasuwa da lasifika, wai yana gyaran baya irin na Turawa, yana mayar da ƙashin da ya goce nan take. Ta ce, "'Yata, biki ya matso, ba za mu kai amarya tana tafiya a karkace ba." Muka je. Mutumin nan bai tambaye ni komai ba. Ya shafa bayana sau ɗaya ta kan hijabi ya ce ƙashi uku sun goce. Ya sa na kwanta a bayan wani labule, Gwaggo na riƙe da hannuna, ya murɗa kafaɗata gabas ƙuguna yamma, sai ji kake ƙaras! Ya ce, "Kun ji ko? Ɗaya ya koma." Daga nan ya sa gwiwa ya danna da dukkan nauyinsa har sai da na yi ƙara. Muka biya muka tafi, Gwaggo tana ta murna. Washegari ko juyi na kasa yi a kan gado. Maimakon in faɗa, sai na ninka ƙwayar, haɗi biyu da sahur, biyu da buɗa-baki. Ana gudun gara an tadda zago ke nan.

Ba a jima ba na fara jin zafi a ƙahon zuciyata kamar an zuba barkono. Na ce yunwar azumi ce. Sai jiri, sai bugun zuciya in na ɗan yi tafiya. Abin da ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne wanda na ce ina jin kunyar faɗa, bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani irin wari. Wa zan gaya wa wannan? Inna da ko sunana ba ta kira? Na ja bakina na yi shiru.

Shi kuwa bawan Allah yakan zo zance bayan sallar asham. Wata rana muna zaure ya ɗaga fitila ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, lafiyarki kuwa? Na ga kin yi fari fat, har leɓenki ya canja." Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau Yaya, azumi ne kawai da aiki." Ya ce, "In akwai abin da ke damunki kada ki ɓoye mini." Na ce babu. Tsorona kada danginsa su ji an ce amarya mai ciwon baya ce, su ce ya ɗauko wa kansa jinya, ko su ce ba za ta iya ɗaukar ciki ba. Kun san bakin mutane.

Ranar ashirin da ɗaya ga azumi, da azahar, ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai na ji zuciyata ta tashi. Na yunƙura zan fita, amai ya ƙwace mini, baƙi-baƙi da gudajin jini a ciki. Abin da na iya tunawa shi ne na ji Inna ta ƙwala ihu ta kira sunana, karo na farko a rayuwata da na ji shi a bakinta. Daga nan ban sake sanin inda nake ba.

An kai ni asibitin Makarfi, suka sa mini ƙarin ruwa, suka ce a wuce da ni Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Can aka auna aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mini leda biyu. Ɗan wan Baba ya ba da ɗaya. Ta biyun kuwa, da na farfaɗo Gwaggo ke gaya mini cikin hawaye, wanda na ɓoye wa ciwona ne ya hau babur ya bi mu har Shika ya miƙa hannunsa. Na juya fuskata bango na yi kuka mai isata.

Bayan an zura mini wata 'yar roba mai fitila ta baki an duba cikina, likita ya ce gyambon ciki ne ya fashe yana zubar da jini. Ya ce a kawo masa maganin da nake sha. Ƙanina ya ciro ledar haɗi daga aljihu. Likitan ya baje su a kan takarda, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, "Malama, kin ga waɗannan ukun? Wannan diclofenac, wannan ibuprofen, wannan piroxicam. Sunansu ne daban, amma 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Kamar ki zuba gishiri a miya ne, ki ƙara gishiri, ki sake ƙara gishiri. Ta huɗun farasitamol ce. Wannan 'yar ƙaramar kuwa irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba ce, da kuke kira sha-ka-fashe, kuma in ta haɗu da waɗancan tana ƙara haɗarin zubar jini. Sau nawa kike sha?" Da na gaya masa, sai ya ce in gode wa Allah da ƙodata ba ta taɓu ba.

Na rubuta sunayen nan yadda suke a jikin kwali domin ku gane su in kun gani. Su ne ake kira magungunan kashe zafi da kumburi, kuma asfirin ma ɗan gidansu ne. Ga yadda suke aiki, kamar yadda aka yi mini bayani kuma na karanta daga baya. Idan wuri ya ji ciwo, jiki yana samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ke sa wurin ya kumbura ya yi zafi. Ƙwayar tana hana jiki yin sinadarin, sai zafi ya lafa. To amma sinadarin nan yana da wani aikin alheri: shi ke sa tumbi ya yi wani yauƙi da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya gudana sosai a cikin ƙoda. Ƙwaya ba ta san baya daban tumbi daban ba, duk inda ta tarar da shi sai ta tare. Wani masani ɗan Ingila mai suna John Vane ne ya gano haka a 1971, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1982. Ita ibuprofen wani mai suna Stewart Adams ne da abokan aikinsa suka samar da ita a birnin Nottingham na Ingila, aka fara sayar da ita a 1969, kuma ta taimaki miliyoyin mutane. Ba guba ba ce. Ni ce na sha ta uku a haɗe, ba abinci a ciki, ba ruwa a jiki, har sama da wata guda.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya huɗu, ƙafafunta biyu ba sa motsi. Da muka saba ta ba ni labari. Ita ma da ciwon baya ta fara, amma nata yana tare da zazzaɓin dare da gumi da rama. Aka yi ta kai ta wurin masu danna baya ana taka ta, ashe tarin fuka ne ya shiga ƙashin bayan ya cinye shi, har ya danne laka. Ni ban taɓa sanin tarin fuka yana kama ƙashi ba sai ranar. Ciwo ne mai magani in an gano shi da wuri. Ta ce mini, "Ƙanwata, ke ƙwaya ta kawo ki, ni tausa ta kawo ni, ga mu gado da gado." Har yau in na tuna maganar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Da cikina ya lafa sai aka tura ni sashen gashin ƙashi, na haɗu da wata likita mai fara'a. Ta sa na sunkuya, na miƙe, na ɗaga ƙafa, ta ƙwanƙwasa gwiwata, ta ce babu ƙashin da ya goce, tsoka ce da jijiyoyi suka wahala. Na ce, "Ranki ya daɗe, to ƙarar da na ji fa lokacin da mutumin nan ya murɗa ni?" Ta yi dariya ta lanƙwasa yatsanta ya yi ƙas, ta ce, "Yanzu yatsana gocewa ya yi na mayar? Iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa."

Ita ce ta fara ba ni labarin gyaran baya irin na Turawa da mutumin ya fake da shi. Akwai sana'ar da gaske, ana kiran masu yinta kairofurakta. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Shi a ganinsa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, kuma ilimin likitanci bai tabbatar da wannan magana ba. Abin da bincike ya nuna shi ne, ga ciwon ƙugu na yau da kullum, danna baya a hannun wanda ya koya yana iya kawo sauƙi daidai gwargwado, kusan kamar yadda motsa jiki ko ƙwaya ke kawowa, ba wani abin mamaki ba. Masu yinta na gaskiya shekaru suke yi a makaranta, kuma sukan bincika mutum kafin su taɓa shi. Ko a hannunsu ma murɗa wuya yana da haɗari, domin wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, yakan yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki. To ina ga wanda ba shi da komai sai lasifika da labule?

Na ce mata, "To tsakanin Inna da Kaka wa ya fi gaskiya?" Ta ce, "Kowacce ta riƙe rabi. Ƙwaya tana kashe zafi na ɗan lokaci, tausa mai kyau tana saki tsoka na ɗan lokaci. Duk biyun dama suke ba ki ki tashi ki motsa ki gyara abin da ya kawo ciwon. Ke kuwa sai kika yi amfani da damar kika koma kan bencin da ya karya ki." Sai na tuna da tsohuwa mai man kaɗanya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ta gaya mini wannan magana tun farko.

Kwanana goma sha ɗaya a Shika, a can na yi sallah. Ɗinkin mutane Gwaggo ce ta rarraba wa wasu teloli, wasu ma sai kuɗinsu aka mayar, ribar da na yi wa wahala duk ta tafi a magani har da ƙari. Abin da nake gudu kuma sai da ya faru, domin kafin in dawo gida magana ta zaga gari, wasu na cewa amarya ta nakasa, wasu na cewa aman jini ba ya warkewa. Har wata gwaggonsa ta ba da shawarar a fasa tun da wuri. Ranar da na dawo ya zo gaishe ni, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Yaya, in ka ga za ka janye ba zan ga laifinka ba." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ciwonki bai ɓata mini rai ba, kowa na ciwo. Abin da ya ɓata mini rai shi ne na tambaye ki kika ce lafiya lau. In mun yi aure haka za ki riƙa yi mini?" Wannan tambaya ta fi allurar asibiti zafi. Na ba shi haƙuri, na yi alkawari. Kaka da ke laɓe a bayan ƙofa ta ce, "To mijina, in ka fasa da ita ai ga ni." Kowa ya fashe da dariya. Aka ɗaga biki zuwa bayan babbar sallah, aka kuma yi shi lafiya.

Kuna so ku san abin da ya warkar da bayana? Ba abin kuɗi ba ne. Kafinta ya yi mini kujera mai majingina daidai da tsayin keken. Duk bayan rabin awa ina tashi in miƙe in ɗan zaga tsakar gida. Safe da yamma ina yin motsa jikin da aka koya mini, in kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in ɗaga ƙugu sama in sauke a hankali. In zan ɗauki kaya sai in durƙusa da gwiwa in jawo shi jikina, ba in sunkuya da baya ba, jarka kuma na raba ta biyu. Na sa wa tsintsiya doguwar sanda. In ya motsa mini sai in gasa da ruwan ɗumi. Cikin wata biyu na koma daidai. Bayan aure maigidana ya bar ni na yi karatun aikin lafiya a matakin farko, yanzu ina da 'ya'ya biyu, kuma ban daina ɗinki ba.

A karatun nan na gane ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata cuta takamaimai da ta jawo shi. Yawancin wanda ya taso farat ɗaya yakan lafa cikin 'yan makonni, kuma kwanciya wuri ɗaya tana ƙara shi ne. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da jagora kan ciwon ƙugun da ya daɗe. Ta amince da ilimantar da mai ciwo, da motsa jiki, da tausa da danna baya a hannun ƙwararru, da kuma waɗannan ƙwayoyi na kumburi. Ta ce a guji ɗamarar baya, da jan ƙashi da na'ura, da ƙwayoyi masu sa maye irin su tiramol.

Saboda haka 'yan uwana, ga nasihata. Kada ki sha haɗin da ba ki san sunan abin da ke ciki ba, ki ce a ba ki a cikin kwalinsa mai lambar NAFDAC. Ɗaya ake sha daga gidan nan, ba biyu ba, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa, na 'yan kwanaki kawai. Ibuprofen da mutum ke saya da kansa ba a wuce miligiram 1200 a wuni. Ku da kuke shan ta don ciwon mara, kwana biyu ko uku a kan ƙa'ida ba laifi, amma ba a cikin yunwa ba. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, da mai asma, su tambayi likita tukuna. Mai juna biyu kuwa ta nisance su, musamman daga wata na biyar zuwa haihuwa, domin suna iya cutar da abin da ke cikinta. Duk ranar da kika ga bayan gida ya yi baƙi ko kika yi aman jini, ki ajiye kunya ki nufi asibiti a ranar.

Haka nan kada ki bari kowa ya danna miki baya idan ciwon yana tare da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗuwa, ko ƙafa tana mutuwa ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari da bayan gida suna ƙwacewa ko sun ƙi fita, ko kina da sikila. Wannan na asibiti ne, ga Shika kusa da mu, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da ke aiki tun 1959. In kuwa gajiya ce kawai, tausa mai laushi ba ta da laifi, amma ban da takawa da murɗa wuya.

Iyayenmu mata kuma ina roƙonku, ku rage wa 'ya'ya nauyin da ya fi ƙarfinsu, ku kuma buɗe musu ƙofar da za su iya gaya muku abin da ke damunsu. Inna har yau ba ta kiran sunana, amma duk zuwan da na yi gida sai ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke wannan, ina bayan? Ina cikin?" Ni kuma ina gaya mata gaskiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari masu tausayi, amin summa amin. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili. Wassalam.

Taku har kullum,
'Yar uwarku daga Nasarawan Doya.